Kiwo a Bayan Gida

Kiwo iri biyu ne a ƙasar Hausa. Akwai na makiyayi, wanda ba shi da wata sana'a sai bin garke, ya yi kudu da rani, ya komo arewa da damina. Akwai kuma na mutumin da ya ke da wani abin yi dabam, kamar malamin makaranta, ko tela, ko ma'aikacin ofis, ko matar aure a cikin gida, wanda ya ke ajiye 'yan awaki biyu ko uku da kaji kaɗan a bayan ɗaki. Shi wannan ba da kiwon ya ke ci ba. Yana yi ne don sha'awa, da kuma ɗan abin da zai samu na rufin asiri. Wannan kiwo na biyu shi ne abin magana a nan.

Mutane da yawa sun ɗauki kiwon gida kamar ba aiki ba ne. Sukan ce akuya ita ke kiwon kanta, kaza kuwa da tono ta ke ci. Saboda haka da gari ya waye sai a buɗe ƙofa a kora su waje, ba a sake tunawa da su sai magariba. Wannan kuskure ne babba. Dabbar da aka ajiye don sha'awa tana jin yunwa da ƙishirwa daidai da wadda aka ajiye don sana'a. Wanda zai yi kiwon gida ya kamata ya fara auna abincin da ya ke iya samu, da lokacin da ya ke da shi, sa'an nan ya tsai da yawan dabbobinsa a kan wannan. Awaki biyu ƙosassu a turke sun fi goma ramammu masu yawo a kwararo.

Amfanin Kiwon Gida

Ba mai musun cewa kiwon gida yana da amfani. Akuya ita ce asusun talaka, musamman mata. In ciwo ya taso, ko kuɗin makaranta, ko wani biki, sai a kai ɗaya kasuwa a biya bukata ba tare da an ci bashi ba. In an yi haihuwa, ranar suna ga rago a turke. In Babbar Salla ta zo, mai gida ba zai shiga kasuwa yana ciniki a lokacin da raguna suka fi tsada ba. In baƙo ya sauka ba zato, sai a kama zakara. Yara kuma su sami ƙwai, wanda ya ke gina jiki ƙwarai.

Ban da wannan akwai taki. Kashin awaki da na tumaki da na kaji yana gyara ƙasa, ya sa ta riƙe ruwa. Tun da daɗewa manoman da ke kewaye da birnin Kano su ke shiga gari da jakuna, suna ɗebo takin gidaje a mangala su kai gonakinsu. Wannan yana cikin dalilan da suka sa su ke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba ta mutu ba.

Akwai kuma fata. Jar akuyar Sakkwato, wadda a ƙasar Nijar a ke danganta ta da Maraɗi, fatarta ta yi suna a duniya saboda taushi da ƙarko. Tun zamanin da ayari ke ƙetare Sahara da raƙuma a ke jeme ta, a rina, a kai ta Arewacin Afirka. Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, domin ta wannan hanya ta ke isa gare su. Amma fatar da ƙazuwa ta ci, ko ƙaya da waya suka yayyage, ba ta da daraja a wurin majemi.

Tumaki ma iri-iri ne, kowane da halinsa. Balami fari ne, babba, mai dogayen kunnuwa, shi a ke so wajen turkawa. Uda kuwa rabinsa na gaba baƙi ne ko ja, rabinsa na baya fari. 'Yar ƙasa ba ta kai su girma ba, fara ce mai ɗigon baƙi a wajen ido da baki, amma ta fi su jure wahala da ƙarancin abinci. Mai ɗan ƙaramin wuri da ƙaramin ƙarfi, 'yar ƙasa ta fi masa daidai.

Wani amfanin ba a sayar da shi a kasuwa. Yaron da aka ba 'yar akuya ko kaza ta kansa yakan koyi tashi da wuri, da haƙuri, da lissafi, da tausayi. Yakan gane cewa akwai wani rai da ya dogara gare shi, wanda in ya yi mantuwa zai kwana da yunwa.

Aikin Yini Guda

Aikin mai kiwon kirki yana farawa ne da asuba. Da an idar da salla sai ya nufi wurin dabbobi. Abu na farko shi ne dubawa. Dabba mai lafiya takan miƙe da sauri, idonta garau, tana kuka tana neman abinci. Wadda ta rakuɓe a gefe, ta sunkuyar da kai, gashinta ya tashi, ko hancinta na zubar da majina, lalle akwai abin da ke damunta. Dabba ba ta da bakin faɗi, sai mai ita ya karanta a jikinta.

Daga nan sai shara. A share kashi da ragowar ciyawa, a tara a rami ɗaya don ya ruɓe ya zama taki. A wanke kaskon ruwa, a zuba sabo. Akuya dabba ce mai ƙyanƙyami, ba ta son ruwa mai datti, ba ta kuma son ciyawar da aka tattake. Saboda haka gara a rataye mata harawa ko ganye a bisa, ko a zuba a cikin komi, da a watsa mata a ƙasa. Sa'an nan a dama dusa da ɗan gishiri ko kanwa a ba su. A buɗe akurki, a watsa wa kaji tsaba, a ƙidaya su, a kwashe ƙwai.

Da rana ta take, a tabbata akwai inuwa. Dabbar da aka ɗaure a fili da safe, inuwa ta kau daga kanta da azahar, tana shan azaba ba mai gani. 'Yar rumfa ta kara ko ta zana ta isa. A lokacin bazara akuya tana iya shan lita 3 ko 4 na ruwa a yini, mai shayarwa kuwa ta fi haka. Da la'asar a sake ba su abinci. Da magariba a ƙidaya kaji, a rufe akurki da kyau saboda muzuru da maciji da ɓarawo.

Wannan aiki ba shi da wuya, yaro ɗan aji huɗu yana iya yawancinsa. Wuyarsa ɗaya ce, ba shi da hutu. Makaranta tana da ranar hutu, ofis ma haka, amma cikin akuya bai san Juma'a ko Lahadi ba. Wanda zai yi tafiya ta kwana biyu tilas ya sami wanda zai bar wa amana kafin ya ɗauki jakarsa.

Akwai kuma ranaku na musamman. Akuya da tunkiya sukan yi wata 5 da ciki. In sun haihu, wajibi ne a ga ɗan ya sha nonon farko, wanda a ke kira dakashi, tun a sa'o'in farko, gama shi ne ke kare shi daga cututtuka. Kaza takan yi kwana 21 a kan ƙwai kafin ta ƙyanƙyashe. Ƙwan zabo yakan kai kwana 26 zuwa 28, kuma da ya ke zabuwa ba ta cika zama a kan ƙwanta ba, akan sa wa kaza ta kwanta masa. Zomanya kuwa wata ɗaya ta ke yi ta haihu. Mai kiwon da ya rubuta ranaku a ɗan littafi, haihuwa ba za ta zo masa ba shiri ba.

Lissafin Abinci

A nan ne masu kiwon gida da yawa su ke tuntuɓe. Sukan sayi dabba da damina, sa'ad da ciyawa ta ke ko'ina kyauta, su manta da cewa rani yana tafe. A ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato rani yakan kai wata 7. Akuya matsakaiciya mai nauyin kilo 25 tana bukatar wajen kilo 1 na busasshen abinci kowace rana. Wata 7 kwana 210 ke nan, watau kilo 210 na abinci don akuya ɗaya. Mai awaki 5 yana bukatar fiye da kilo 1,000. Wanda ya yi wannan lissafi kafin ya tafi kasuwa, ba zai sayo abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Da kaka a ke shirin rani. A lokacin ne a ke tara harawar wake da ta gyaɗa, a ɗaure dami-dami, a ɗora a kan rumfa ko soro inda ruwa da gara ba za su taɓa ta ba. A tara ƙowar wake da karan dawa. Harawa tana da araha da kaka, amma da bazara sai ta yi tsada har mai kiwo ya rasa yadda zai yi. Dusar da a ke samu in an surfa gero ko dawa ko masara, kada a zubar. Anguryar auduga da tunkuzar gyaɗa suna sa ƙiba, amma kaɗan-kaɗan a ke ba da su. Itacen gawo ma abokin mai kiwo ne, domin shi da damina ya ke zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore ya ba da 'ya'ya, daidai lokacin da ba sauran ciyawa a daji.

Wani abin da a ke mantawa shi ne dabbobi suna yaɗuwa. Jar akuya takan haifi tagwaye sau da yawa, kuma in tana ƙoshi tana iya haihuwa sau 3 cikin shekara 2. Ke nan wanda ya fara da awaki 2, in Allah ya raya 'ya'yan, kafin shekara 2 ta cika sun doshi 10. Kazar gida kuwa takan yi ƙwai 10 zuwa 15 kafin ta kwanta, wajen sau 3 a shekara. Dabbobi sun ƙaru, amma bayan gida bai ƙara faɗi ba, albashi bai ƙaru ba, rana ma ba ta ƙara tsawo ba. Da abinci ya kasa, sai mai gida ya kwance igiya ya ce su je su nema. Daga nan ne ɓarna ke farawa.

Illar Sakin Dabbobi

Dabbar da aka saki a gari ba ciyawa ta ke samu ba, juji ta ke bi. A juji kuwa akwai leda, da tsumma, da guntayen roba. Akuya takan haɗiye leda saboda ƙanshin abincin da ke jikinta. Leda ba ta narkewa, sai ta taru ta dunƙule a cikin tumbi. Dabbar ta yi ta ramewa ko da ana ba ta abinci, cikinta ya kumbura, har ta mutu. Mahauta sun san wannan sarai, gama sau da yawa sukan farka tumbi su tarar da dunƙulen leda a ciki. A gona ma akwai haɗari. Gyauron dawa, watau wadda ta sake tohowa bayan an girbe, yana iya kashe dabba nan da nan. Ɗanyen ɓawon rogo mai ɗaci shi ma dafi ne sai an shanya shi ya bushe. Ga mota da babur a kan titi, ga karnuka, ga ɓarayi, 'yan tsaki kuwa ga shaho da shirwa.

Wannan duka hasarar mai dabba ce. Akwai wadda ta fi ta muni, ita ce hasarar maƙwabci. Mutum ya shuka 'yar rama da kuɓewa a bayan dangarsa, ko ya dasa mangwaro yana ba shi ruwa wata da watanni, ko mace ta shanya gero a tabarma, sai akuyar wani ta zo ta cinye cikin ɗan lokaci. In aka kai ƙara, aka ce, "Malam, akuyarka ta shiga ta yi mini ɓarna," amsar da aka saba ji ita ce, "Ayya, maƙwabci, yi haƙuri, dabba ce, ba ta da hankali." Gaskiya ne akuya ba ta da hankali, amma mai ita yana da shi. Wanda ya ƙosar da dabbarsa da shukar wani, da guminsa ya ci, ko da bai sa hannu ya ɗauka ba. Gidaje da yawa da suka yi shekaru suna zaman lafiya sun daina gaisuwa a kan akuya ɗaya. Itatuwan da a ke dasawa a bakin hanya da filin makaranta don inuwa da tare hamada, da yawansu awakin gari ne ke cinye su tun suna ƙanana.

Masu sakin dabbobi suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Sukan ce talaka ba shi da kuɗin harawa da dusa, in an hana shi saki an hana shi kiwo ke nan. Sukan ce kuma kakanni haka suka yi, ba abin da ya same su.

Amsar ita ce, zamanin kakanni dabam, na yanzu dabam. A ƙidayar shekarar 1963 mutanen Nijeriya ba su kai miliyan 56 ba, a ta 2006 kuwa sun kai miliyan 140, sun kuma ci gaba da ƙaruwa. Filayen da a da su ke makiyaya a bakin gari sun zama gidaje da gonaki, burtali da yawa an nome su. A da ba leda, motoci kuma kaɗan ne. Har ila yau, su kakannin ba su saki dabba sakaka ba. Da ruwan shuka ya sauka, dagaci ko mai unguwa yakan sa a yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa, wanda ya ƙi a ci shi tara. Sai an kwashe amfanin gona a ke kwance su.

Game da talaka kuwa, ba a ce kada ya yi kiwo ba, an ce ya yi daidai ƙarfinsa. Dusar gida da ragowar tuwo da ɓawon wake da ciyawar da yaro zai yanko da lauje bayan an tashi daga makaranta, sun isa riƙe akuya ɗaya ko biyu da kaji kaɗan. Ƙaramin goro ya fi babban dutse. A ƙauye kuma, bayan kaka, ba laifi a kai dabbobi gona su yi kala su miƙe ƙafa, in akwai mai binsu ya dawo da su. Kaji da zabi ma suna son fili su yi tono, sai dai a cikin shinge, 'yan tsaki kuwa a kife su da kwando har su yi ƙwari. Abin da a ke zargi shi ne sakin da ba mai lura.

Wani ya kan ce, zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Haka ne. Amma Hausawan da suka yi wannan karin magana su ne kuma suka ce, Allah ya ce tashi in taimake ka. Rufe akurki bai saɓa wa dogara ga Allah ba.

Cuta da Rigakafi

Dabbar da ke yawo tana cuɗanya da kowace irin dabba, ta kwaso cuta ta kawo gida. Akwai wata annoba ta awaki da tumaki wadda likitocin dabbobi ke kira PPR. An fara gane ta a ƙasar Kwaddibuwa a shekarar 1942. Alamunta su ne zazzaɓi, da majina, da kwantsa a ido, da gyambo a baki, da zawo. In ta shiga gida tana iya share yawancin awakin da ke ciki. Kaji kuma suna da tasu annobar, wadda ta fi tsanani da hunturu. Kaza ta riƙa gyangyaɗi, ta saki fukafukai, ta yi koren kashi, wuyanta ya murɗe, cikin 'yan kwanaki akurki ya zama wayam. Waɗannan cututtuka biyu ba su da maganin da ke warkar da su in sun kama, amma duka suna da rigakafi. Na awaki allura ce, wadda ke tsare dabba shekaru. Na kaji kuwa akan ɗiga a ido ko a sa a ruwan sha, a maimaita bayan 'yan watanni.

A Vom, kusa da Jos, akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi wadda aka kafa a 1924, a can a ke haɗa irin waɗannan magungunan rigakafi. A Shika kuma, kusa da Zariya, akwai cibiyar binciken kiwo ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta fitar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown. Wanda ke shakkar amfanin allura ya tuna da ciwon bushiya. Wannan ciwo ya hallaka shanu ba iyaka a ƙasashen Afirka wajen ƙarshen ƙarni na 19, ya talauta Fulani da yawa, ya sake dawowa Nijeriya a 1983. Da aka dage da allura ƙasa-ƙasa, a shekarar 2011 aka ba da sanarwa cewa an kawar da shi daga duniya baki ɗaya. Lalle rigakafi ya fi magani.

Akwai kuma ƙa'idodi waɗanda ba su bukatar ko kwabo. In an sayo sabuwar dabba daga kasuwa, a ware ta mako 2 ko 3 kafin a haɗa ta da na gida. In ɗaya ta kamu da ciwo, a raba ta da sauran, a nemi ma'aikacin dabbobi. A riƙa duba kunne da ƙarƙashin wutsiya saboda kaska. A ba da maganin tsutsar ciki a farkon damina da ƙarshenta. Wurin kwana ya zama busasshe, domin danshi yana ruɓar da kofato.

Wasu cututtukan dabbobi suna kama mutum. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, aka kuma hallaka kaji masu yawa don tsai da ita. Saboda haka kazar da ta mutu da kanta ba a ci, ba a jefa ta a juji, sai a haƙa rami a binne. Kada a yi gaggawar kai kaji marasa lafiya kasuwa don a tsere wa hasara, wannan raba annoba ne ga jama'a. Kada kaji su kwana ɗaki ɗaya da mutane. Madara a tafasa ta kafin a sha. Yaro kuma in ya gama shara ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Ragewa da Rabuwa

Abin da ya fi yi wa mai kiwon sha'awa wuya shi ne rabuwa da dabbarsa. Ya rene ta tun tana ƙarama, ta san muryarsa, in ya shigo gida tana kuka tana jan igiya. Yaro kan yi hawaye ranar da aka kai ɗan akuyarsa kasuwa, ko aka kayar da ragon da ya saba ba dusa. Wannan ba abin dariya ba ne, alama ce ta zuciya mai tausayi. Amma ya kamata a fahimtar da shi cewa riƙe dabba goma a wurin da ya isa uku ba ƙauna ba ce. Dukansu za su rame, manya su danne ƙanana wajen cin abinci, cuta kuma ta sami wurin zama.

Mai hankali yakan rage da kaka ko gab da Salla, sa'ad da dabbobi ke da ƙiba, kasuwa kuma tana da kyau. Ya fitar da bunsuran da suka yi yawa, da tsofaffin da haƙoransu suka zube, da kajin da suka daina ƙwai. Ya bar mata masu kyau kaɗan. Kuɗin da ya samu ya sayi harawa da rigakafi da wani sashe, sauran ya yi wa iyali hidima. Wanda ya ƙi ragewa da kaka, bazara za ta rage masa, ita kuwa ba ta biyan ko anini.

Malamai sun karantar da cewa dabba tana da hakki a kan mai ita, har sukan ba da labarin matar da ta shiga azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma bar ta ta nema ba. Ke nan ɗaurewa kaɗai ba ita ce kiwo ba. Wanda ya ɗaure dabba ya ɗauki nauyin cinta da shanta da inuwarta da lafiyarta. Wanda ya sake ta kuwa ya ɗora nauyin a kan maƙwabta. Mafita ita ce mutum ya ajiye abin da zai iya ciyarwa da hannunsa.

Saboda haka yaron da ke sha'awar kiwo kada ya fara da tambayar dabba nawa zai samu. Ya fara da duba bayan gidansu, ya ga inda zai kafa turke da rumfa. Ya tambayi uwarsa yawan dusar da a ke samu a mako. Ya san inda zai yanko ciyawa, da wanda zai riƙe masa in ya yi tafiya. In duk wannan ya daidaita, ya fara da kaza ɗaya ko 'yar akuya ɗaya. In ya fitar da ita rani guda lafiya, ba ta rame ba, ba ta kuma ci shukar kowa ba, to, ya isa a ƙara masa ta biyu.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin kiwon makiyayi da kiwon bayan gida?
2. In akuya ɗaya tana cin kilo 1 a rana, kilo nawa awaki 3 za su ci cikin kwana 210?
3. Me ya sa leda ta ke kashe akuya?
4. Wace hujja masu sakin dabbobi su ke kawowa, kuma wace amsa aka ba su?
5. Me ya kamata a yi da sabuwar dabbar da aka sayo daga kasuwa?
6. Don me aka ce kaka ce lokacin rage dabbobi?